Awo na Biyu a Rumbun Shuɗi

Da sunan Wanda ya shimfiɗa sama ba ginshiƙi, ya zuba mata taurari ba mudu, ya ba kowane abu nauyinsa, na fili da na ɓoye. Ku gyara zama, ku da kuka dame ni da tambayar tabon da ke yatsana. Ni ce Kyallu 'yar Jatau Ma'auni, mutuniyar Sansami, kuma ban iya kwana-kwana ba. Abin da na gani shi zan faɗa, wanda ya ga dama ya yarda.

Sansami tudu ne mai yawo a gefen tekun sama. Muna da gonaki da rijiyoyi kamar kowa, sai dai in ka kai ƙarshen gonar ƙarshe ƙasa ta ƙare ke nan, sai sarari mai zurfi wanda jiragenmu ke bi, filafilansu na shan hasken taurari maimakon iska. A wannan teku taurari ba a warwatse suke ba. An ɗaure su dami-dami, kowane dami taurarinsa ba sa ƙirguwa, dammunan kuma sukan taru ɗari-ɗari a wuri guda. Irin wannan taro muke kira rumbu. Rumbu yana jan duk abin da ya matso shi gwargwadon nauyinsa, ayarin da ya raina nauyin rumbu kuwa ba ya komowa. Shi ya sa ba madugun da ke kwance jirgi sai ma'auni ya auna masa hanya.

Za ku ce ta yaya ake auna abin da ba ya hawa sikeli. To, tsakanin dammunan nan akwai wata iska mai tsananin zafi, huci muke ce mata. Huci yana fid da haske wanda ido ba ya gani, mai ratsa nama ya tsaya a ƙashi, don haka muke kiransa hasken ƙashi. Ma'auni yana da faifai irin na kowace mace, sai dai an shafe shi da tokar azurfa. In hasken ya sauka a kai tokar takan yi launi. Inda huci ya yi kauri launin ya yi ƙarfi, inda ya fi zafi ya yi shuɗi, inda ya huce ya yi ja. Babana da tukunya ya koya mini. Ya ce, "In kin ga tukunya tana tafasa sosai amma murfinta bai tashi ba, ai kin san dutsen da aka ɗora masa babba ne ko ba ki gan shi ba." Haka huci yake, so yake ya watse, nauyin rumbu ke riƙe da shi. Sai ka bi zoben saƙar faifai ɗaya bayan ɗaya daga cibiya zuwa baki, ka ga yadda zafi da kauri ke raguwa, ka san nauyin da ke cikin kowane zobe. Kullum abin da ke fitowa yakan ninka nauyin taurari da hucin gaba ɗaya sau biyar ko fi. Sauran ba mai ganinsa, nauyin ɓoye muke ce masa.

Muna kuma da al'ada, awo ɗaya ake yi. In ma'auni ya gama, yakan ɗaure faifan da jan zare ya rataye, ba mai sake auna wannan rumbu muddin shi ma'aunin yana raye. Wanda ya sake ya zagi hannun ma'aunin a gaban gari, kuma ba magana tsakaninsu har kabari.

Yayana Barmo shi ne ɗan farin gidanmu, madugun jirage arba'in. Ya so ya buɗe sabuwar hanya ta gefen Rumbun Shuɗi, inda ba ɗan Sansamin da ya taɓa bi. Baba ya auna, ya ce nauyin yana tsakiya inda shuɗin ya taru, su bi ta hagu inda ba huci, kada su kuskura su fuskanci shuɗin ko sau ɗaya. Suka ɗauki guzuri da irin shuka na shekara bakwai suka tafi. Ba su komo ba.

Daga nan Baba ya daina magana in ban da salla. Ya tare a gindin ɗorawar ƙofar gida yana tufka igiya, in ta yi tsawo ya warware ya sake. Abin da ya fi cin raina, tun da aka haifi Barmo Baba bai taɓa kiran sunansa ba don kunyar ɗan fari, sai dai ya ce "wancan" ko "madugu". Ga shi yanzu ko kukansa ba zai iya yi da suna ba.

Ni kuwa tun ina budurwa na bar koyon awo. Baba ya ce zuciyata ta fi hannuna sauri, na yi fushi na koma tuƙin jirgi, wanda hakan ya tabbatar da maganarsa. Ran da aka shigo da girbi na shida na ƙirga da yatsu, saura wa Yaya shekara ɗaya. Da rana tsaka na shiga ɗaki na sauke faifan Baba mai jan zare, na ɗauki faifan marigayiya Inna na shafe shi da toka, na tsaya a gabansa.

Na ce, "Baba, zan je in sake."

Hannunsa ya tsaya a kan igiya, sannan ya ci gaba. Ban jira komai ba, na san ba abin da zai biyo baya.

Farkon inda na yada zango shi ne Karkata, tudun maƙera. Hasken ƙashi ba ya tsayawa a madubin da ya fuskance shi, ratsawa yake yi. Sai an lallaɓa shi da mazurari na madubai karkatattu, wani cikin wani kamar ƙoren da aka jera, ya goga gefe-gefe har ya sauka a faifai. Mazurarin Baba da na ɗauko ya tsage, kuma a Karkata kaɗai ake gyaransa. Garin nan komai nasa a karkace yake, ɗakuna da itatuwa da hayaƙin maƙera, mutanen kuma da wutsiyar ido suke duban juna. Na je gaban babban maƙerinsu, wani tsoho mai suna Nomau, na gaishe shi na ce a gyara mini mazurari. Ko gezau. Na sake faɗa da ƙarfi. Kwana uku ina tsaye a kansa ina masifa, yana buga ƙarfensa, maganata na ratsa shi tana wucewa. Wallahi har guduma na ɗauka na ajiye.

Rana ta huɗu ƙarfina ya ƙare. Na zauna na ba shi gefe, ga wata akuya tana tuƙa a inuwa. Na ce mata, "Ke kam kin huta. Ni wana yana Rumbun Shuɗi, hatsinsa ya kusa ƙarewa, mazurarina kuma ya tsage." Hawaye ya zo mini, na bar shi ya zubo.

Sai na ji tsohon yana ce wa zuga-zuginsa, "Zuga-zugi, da baƙuwar nan za ta manta da mazurarinta kusa da maƙera, wa ya san abin da zai same shi."

Na manta da shi a wurin. Wata guda ya yi yana gogar madubai, ni ina hira da akuya shi yana hira da zuga-zugi, har muka saba. Ran da ya gama ya ce wa uwar maƙera, "Irin wannan mazurari na taɓa yi wa wani Basansame mai haƙuri. Na gaya masa haske mai rauni kwana arba'in yake so, hannu kuma kada ya motsa. Ban san ko 'yarsa ta gado shi ba." Na ce wa akuya ta gaya masa ban gado ba, amma na gode.

Daga Karkata na shiga Tekun Gyangyaɗi. Can hasken taurari laushi gare shi, launin zuma, yana kwanciya a kan fatar ido. Na wuce jirage da yawa suna yawo ba matuƙi, masu su na zaune suna murmushi, gemunsu ya kai cinya. Na ce ni dai ba za a yi da ni ba, na tauna barkono. Ban san sa'ad da na isa gida ba. Ga tsakar gidanmu an share, ga Inna tana kwashe tuwo, ga Yaya yana wanke hannu yana tsokanata wai na tuƙa jirgi kamar mai korar jaki. Daɗi ya cika ni har na ji ba ni da nauyi. Sai Baba ya ɗago daga tabarma ya ce, "Barmo, matso ka ci."

Nan na tsaya. Babana ba zai faɗi wannan suna ba ko da wuƙa a wuyansa. Na ce, "Ƙarya ne." Na buɗe ido na tarar da kaina kwance, akalar jirgi ta kuɓuce, farcena ya yi tsawo. Da na duba inda taurari suka koma, wata biyu mafarkin nan ya ci mini. Na yi kuka, don na so zaman can ƙwarai, amma na kama akala ina zage-zage har na fita.

Tudu na ƙarshe a bakin Rumbun Shuɗi sunansa Masussuka. Ƙaramin wuri ne, gidaje ba su fi ashirin ba, iska ba ta daina kaɗawa. Wata tsohuwa mai suna Tasalla ta sauke ni. Na same ta tana shiƙar gero a bayan gida, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya kore ki?" Na ba ta labari, ta ce in fara shan fura tukuna.

Washegari da hantsi na kafa mazurari na saita shi a tsakiyar rumbun. Shuɗin nan ƙarfi gare shi, kafin azahar faifan Inna ya cika da launi. Amma bai zauna cikin zobba ba. Ya miƙe gefe guda, bakinsa ya yi kaifi ya lanƙwashe kamar ruwan da ke gaban hancin kwale-kwale. A Sansami an koya mana kowane rumbu kewayayye ne, abin da ya fita daga zobe datti ne, gogewa ake yi. Har na ɗaga babban yatsana.

Tsohuwar ta ce, "Me za ki goge?"

Na ce, "Datti ne, Iya."

Ta ce, "Ke kika zuba shi?"

Na sauke hannu. Na ɗauko faifan Baba, na kwance jan zaren da ba a kwancewa, na ajiye su gefe da gefe. Iri ɗaya ne sak, sai dai a daidai wannan baki mai kaifi tokar Baba a goge take, kuma ga sawun babban yatsansa a wurin, zanen fatarsa ya fito raɗau. Ashe ya gani.

Na zauna na rasa abin yi. Iya Tasalla ta koma shiƙarta tana mita wai iskar garin nan tun zamanin kakar kakarta ba ta kwanta ba. Ina kallonta ba da niyya ba. In ta zubo gero daga ƙwarya, ƙwayar takan ratsa iska ta wuce ta faɗi can, ƙaiƙayin kuwa iska ta tare shi ya tsaya yana yawo a tsakani. Na ɗaga kai na dubi rumbun da idona kawai, abin da ma'aunan Sansami suke ganin ƙasƙanci ne. Dammunan taurari sun taru tsibi biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, tsakiyar da ke fid da shuɗi kuwa kusan ba kowa.

Na ce, "Iya, rumbun nan ɗaya ne?"

Ta ce, "Ɗaya kamar yaya? Biyu ne. Karo suka yi, wannan ya ratsa wancan ya wuce. Kowa a nan ya sani, ba dai wanda ya taɓa tambayarmu."

To, nan komai ya fito mini. Da suka yi karo, taurari da nauyin ɓoye sun ratsa juna sun wuce, hucin biyu kuwa ya gwabza ya tsaya a tsakiya. Zafin da Baba ya gani zafin karo ne, ba dutse a kan murfin. Awon tukunya sai huci ya kwanta yake yin gaskiya. Nauyin yana hagu da dama, inda ya ga duhu ya ce ba komai, kuma hagun nan ya tura ɗansa.

Sanin haka bai isa ba. Sai na san inda cibiyar nauyin hagu take da girmansa, in ba haka ba in shiga in zama ta arba'in da ɗaya. Ɗan hucin da ya bi tsibin hagu kaɗan ne, ya kwanta, amma haskensa rauni gare shi. Na tuna maganar Nomau, na ji kamar in kurma ihu. Kwana arba'in, ni Kyallu, a zaune.

Na juya faifan Inna na shafe bayansa da sabuwar toka, na ɗora mazurari a kan turmi. Tudun yana yawo a hankali, don haka sai an riƙa gyara saitin da faɗin gashi, ba tsayawa. Iya ce ke karɓata in zan yi salla ko in runtsa, ita ke ba ni fura a baki da ludayi. Kwana tara faifai fari fat. Na ce zan jefa shi cikin teku. Iya ta ce, "Jefa, sai ki bi shi ki ɗauko." Bayan kwana ashirin na daina jin ƙafafuna. Na daina ƙirga, na daina fushi, abin da ban taɓa yi ba. Sama ta riƙa juyawa a kaina a hankali, dammuna na wucewa wasu kamar nadin gammo wasu kamar ƙwai, ina jin numfashina da na tsohuwa da shiƙar iska. Wani lokaci nakan ji kamar Baba ne ke riƙe da gwiwar hannuna.

Ran arba'in da safe Iya ta ce in duba. Wani ja mai rauni ya kwanta a faifai, zobe cikin zobe, kewayayye tsaf. A kan zobe na uku ga wasu ɗige-ɗige baƙaƙe a jere, inuwar abin da ya gitta hasken. Na ƙirga su sau uku, talatin da ɗaya ne. Na kifa kaina a cinyar Iya na yi ta kuka, tana bubbuga bayana tana cewa in yi a hankali kada in zubar mata da gero.

Na yi lissafin zobban yadda Baba ya koya mini. Nauyin ya fi ƙarfin kowane filafili, ba mai fita ta baya. Amma tsibin dama ma yana ja, kuma akwai siririyar hanya tsakaninsu inda jan wannan ke kashe na wancan. Hanyar ta bi ta tsakiyar shuɗin.

Shiga ba wuya, gangara ce. Taurarin nesa suka riƙa lanƙwashewa kamar lauje a kewaye da ni, alamar nauyin da ba na gani. Na sami ayarin Yaya sun ɗaure jiragen da juna, sun yi gonaki a kan katako, dawa ta fito rawaya siririya. Shekara shida suna kewaya abin da ba sa gani, duk sun ba shuɗin baya. Jirage tara sun gwada ɓallewa ta duhu, ba a sake ganinsu ba. Wani ramammen mutum mai furfura ya kama igiyata, ya daɗe yana dubana.

Ya ce, "Kyallu? Wa ya ba ki jirgi?"

Na ce, "Wanda ya ba ka furfura, Yaya."

Muka riƙe juna. Saura musu hatsin wata biyu. Da jama'a suka taru na shimfiɗa faifan Inna na gaya musu hanyar fita.

Yaya ya ce, "Kin sake awon Baba?"

"Na sake."

"Ya rasu ne?"

"Yana raye."

Ya ce, "To kin zage shi."

Na ce, "Na zage shi. In mun isa gida ka rama masa."

Ya tashi ya bar ni. Kwana biyu bai kula ni ba, mutane na kauce mini, uwaye na rufe wa 'ya'yansu ido in na nuna wajen shuɗin. Da Kyallun da ce da na tara masa jama'a da masifa. Amma na zauna kusa da shi na ba shi gefe, na ajiye faifan Baba a tsakaninmu. Ya daɗe yana kallon sawun yatsan nan, sannan ya ɗora nasa a kai.

Ya ce, "Ni na tsaya a kansa ran nan. Ya ce in ba shi kwana arba'in, akwai abin da bai gane ba. Na ce lokacin tafiya zai wuce. Na ce masa ko tsufa ne ya fara kama shi." Ya share fuska da hannun riga. "A gabana ya goge, Kyallu."

Ya miƙe ya sa aka juya hancin jirage wajen shuɗi.

Muka rufe jiragen da fallayen dalma daga cikin kayan fatauci, muka jiƙa tabarmi muka shimfiɗa a kai. Duk da haka hasken ya shigo ta tsaga, kuma tokar azurfar da na zo da ita ta tashi ta cika iska tana ƙyalli. A cikin wannan ƙyalli muka ga juna har ƙashi. Ba wanda ya yi ihu. Jama'a na zaune farare, haƙarƙari na hawa yana sauka, zobe da awarwaro na yawo a jikin ƙashi. Na gane Yaya ta damtsen da ya karye sa'ad da ya faɗo daga ɗorawarmu muna yara. Wata mai ciki ana ce mata Ladidi ta dubi cikinta, ga ɗan a naɗe yana tsotsar yatsa, ta yi ta dariya a hankali. Da muka kai inda jan biyu ya kashe juna, ruwan ƙwarya ya tashi ya dunƙule ya tsaya a iska, yara na bin sa da baki. Zafi kuwa ba a magana, leɓunanmu duk sun tsage. Ni ce a gaba da faifai a cinya, ina gyara hanya da faɗin gashi, Yaya na maimaita abin da na faɗa ga na baya. Kwana tara muka yi. Filafilai biyu suka ƙone, muka ja jiragen da igiya. Ran na goma na ji akala ta saki a hannuna, ba abin da ke janmu.

Mun biya Masussuka, Iya Tasalla ta cika mana buhuna da gero tana mita wai mun cinye mata shekara. Tekun Gyangyaɗi kuwa kewaye shi muka yi.

Da hantsi muka iso Sansami. Gari ya fashe, kowa ya yi bakin tudu da gudu, ana guɗa ana koke-koke, don jirage tara ba su da mai sauka. Baba bai zo ba. Muka same shi a gindin ɗorawa da igiyarsa. Yaya ya durƙusa nesa kaɗan ya sunkuyar da kai. Baba bai dube shi ba. Na ajiye faifan biyu a gabansa, nasa ba zare, na ja da baya, don na san al'ada ta raba mu.

Ya duba nasa, ya duba na Inna, ya bi zobban ja da yatsa ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi yana lissafi. Sannan ya yi gyaran murya. Muryar ta fito a dushe, ta shekara bakwai ba aiki. Igiyar hannunsa ya duba, ashe shi ma ya taɓa zama a Karkata.

Ya ce, "Igiya, tambayi mai faifan nan. Awon ne ƙarya, ko ni ne?"

Ina iya cewa rumbun ne ya sauya bayan ya auna, ba mai ƙaryata ni. Na dube shi, na ji tausayinsa har cikin ƙashina. Amma ban iya kwana-kwana ba, kuma ban yi magana da igiya ba.

Na ce, "Kai ne, Baba. Hucin bai kwanta ba. Ka gani, ka goge."

Ya rufe ido, ya sauke wani dogon numfashi, kafaɗunsa suka sauka. Ya ce wa igiya, "Alhamdu lillahi. Shekara bakwai ina tsammanin abin da na auna wa mutane duk rayuwata ƙarya ne." Sannan ya ƙara da cewa, "Gaya mata hannunta ya zauna."

Ya ajiye igiyar a ƙasa. Ya juya ya dubi Yaya ido cikin ido, ya daɗe, ya ce, "Barmo, ka rame. Matso."

Na dubi ɗorawa, na dubi tsakar gida a share, na ji ƙamshin tuwo daga maƙwabta. Na sa yatsana a baki na cije shi da iyakar ƙarfina har jini ya cika mini baki, ina jiran in farka a Tekun Gyangyaɗi. Ban farka ba. Baba na nan, hannunsa a kan furfurar Yaya.

Ga tabon nan, ku matso ku gani.